Gara Hannu Ya Fara Koyo a Ƙodar Akuya

 

Akwai wata magana da muka saba ji a bakin matan da ake turowa daga Wurno da Rabah da Goronyo da ƙauyukan da ke kewaye da su. Da zarar an rubuta wa mace takarda an ce ta tafi asibitin koyarwa, sai gabanta ya faɗi, ta ce ai can ɗalibai ne ke koyon aiki a jikin mutane. Wata sai ta naɗe takardar ta tura ƙarƙashin katifa, ba za a gan ta ba sai ta kwana biyu tana naƙuda, an ɗauko ta ranga-ranga a bayan mota. Ni ba na ganin wautar mai wannan tsoro, domin tambayar da ke cikin ranta tambaya ce ta mai hankali. Wannan hannu da zai riƙe wuƙa a kaina, a ina ya koya? A kan wa ya fara?

Abin da nake so in gaya miki a wannan fitowa shi ne, a makarantun koyon aikin likita na ƙasashe da dama, hannu yana fara koyon yanka da ɗinki ne a kan naman dabbar da aka riga aka yanka: ƙodar akuya ko ta tunkiya ko ta sa, da hanji, da harshe, har da kaza. Na san wasu in suka ji haka sai su yatsine fuska, wasu su yi dariya. A ganina wannan hanya ita ce daidai, kuma mu mata masu haihuwa mu ya fi kamata mu goyi bayanta, mu nemi a yawaita ta, har ta kai asibitocin garuruwanmu.

Me ya haɗa mai ciki da ƙoda?

Wata za ta ce, to Malama, ni haihuwa na zo yi, ina ruwana da aikin ƙoda? Da ruwanki, 'yar'uwa, har da tsaki.

Ƙoda biyu Allah ya yi wa mutum, suna can baya, ƙarƙashin haƙarƙari, ɗaya dama ɗaya hagu, kowace ba ta wuce girman dunƙulen hannunki ba. Aikinsu tace jini. A rana ɗaya sukan tace ruwa kimanin lita 180 daga cikin jini, su mayar da kusan duka jiki, su fitar da abin da bai fi lita ɗaya da rabi ba, wanda shi ne fitsari. In mace ta samu ciki, wannan aiki yakan ƙaru da kusan rabi, domin ƙodarta tana wanke dattin mutum biyu ne. Shi ya sa duk ranar awo muke ba ki 'yar kwalba mu ce ki kawo fitsari, kuma muke ɗaura miki abin awon jini a dantse. In awon ya kai 140 bisa 90 bayan ciki ya wuce mako 20, kuma muka ga sinadarin furotin yana zuba cikin fitsari, mun san ƙoda ta fara kuka, kuma jijjiga na iya biyo baya. Haka nan zubar jini mai yawa bayan haihuwa yana iya sa ƙoda ta tsaya cak, domin jinin da zai isa gare ta ya ƙare, har sai an kai ga wankin ƙoda.

Amma inda maganar tiyata ta fi shafar ki shi ne wannan. Daga kowace ƙoda akwai wani siririn bututu da ke sauko da fitsari zuwa mafitsara. Tsawonsa kamar santimita 25 zuwa 30, kaurinsa bai kai na karan tsinken alkalami ba. A hanyarsa ta sauka, wannan bututu yana ratsawa ta gefen bakin mahaifa, ƙarƙashin babbar jijiyar da ke kai wa mahaifa jini, tazarar da ke tsakaninsa da bakin mahaifa ba ta wuce faɗin yatsa ba. To ki kwatanta matar da ta kwana biyu tana naƙuda, mahaifa ta fashe, jini ya cika ciki, likita yana neman jijiyar da zai ɗaure cikin gaggawa kafin rai ya fita. In hannunsa bai saba ba, yana iya haɗawa da bututun fitsarin ya ɗaure, ko ya yanke shi bai sani ba. Masana aikin fiɗa sun daɗe da sanin cewa mafi yawan raunin da ake yi wa wannan bututu a ɗakin tiyata, wajen aikin mahaifa da na haihuwa yake faruwa. Matar za ta farka lafiya, bayan 'yan kwanaki sai ciwon kwiɓi da zazzaɓi, ko fitsari ya riƙa tsiyaya ta gaba ba tsayawa. In ba a gyara da wuri ba, ƙodar wannan gefe tana iya kumbura ta mutu. Wanda zai gyara kuwa shi ne likitan ƙoda da mafitsara, wanda zai ɗauki wannan siririn abu ya sake dasa shi a jikin mafitsara da zare mai kama da gashin kai.

Ga kuma tsakuwar ƙoda, wadda zafin ƙasarmu da ƙarancin shan ruwa ke taimaka wa. Ga tsargiya, wadda duk wanda ya tashi yana wanka a gulbin Rima ko a magudanan ruwan noman rani na Goronyo da Wurno ya san ta. Mutane na ɗaukar ta abin yara, alhali in ta daɗe ba a sha magani ba takan bar tabo a mafitsara da bututun fitsari, ta toshe hanya, ƙoda ta kumbura bayan shekaru. Saboda haka aikin ƙoda ba na attajiran birni kaɗai ba ne.

Yadda ake koyon

Kowace mace da ta taɓa gyara kayan ciki ranar Babbar Sallah ta san ƙoda fiye da yadda take zato. Kin san ta akuya da ta rago sumul take kamar ƙwayar wake, ta sa kuwa ƙulli-ƙulli ce. Kin san 'yar fatar nan mai sheƙi da ake ɓarewa a bayanta. Kin san in kin tsaga ta biyu akwai wani farin wuri a tsakiya inda fitsari ke taruwa, wanda ake cirewa don kada miya ta yi zarni. Kin kuma san yadda namanta yake da taushi, in kin matsa da ƙarfi sai ya dagargaje. To wannan taushi shi ne babban abin da mai koyo ke nema. Ƙodar mutum ma haka take. In ka ja zare da ƙarfi sai ya yanka naman kamar yadda zare ke yanka dafaffen ƙwai, in ka sassauta kuma jini ba zai tsaya ba. Babu littafin da zai koya wa yatsu iyakar jan da ya kamata. Roba da soso ma ba su nuna wannan, domin ko ka ja su da ƙarfi ba su yagewa yadda nama ke yi.

Sai a sayo ƙodar daga mahauta da safe, tare da jijiyoyinta da bututunta, a kafa ta a kan tire, mai koyo ya sa safar hannu ya zauna, babban likita yana tsaye a kansa. Zai koyi tsaga ta, ya cire wani yanki kamar yadda ake cire ƙari, ya ɗinke. Zai yanke bututun ya sake haɗa shi. In ya gama sai a ɗura ruwa mai launi da sirinji, a ga ko ɗinkin na yoyo. In ya yi yoyo, a warware ya sake, ko sau goma ne, ba wanda ya mutu, ba wanda aka ƙara wa jini. Akan kuma duba masa agogo, domin a aikin gaske in an matse jijiyar da ke kai wa ƙoda jini don a yi ɗinki, ba a so a wuce kimanin minti 25 zuwa 30, in ba haka ba ƙodar ta fara lalacewa. Wanda bai taɓa yi ba zai iya cinye wannan lokaci duka yana neman yadda zai riƙe allura.

Likitoci sun yi dabaru iri-iri a wannan fanni. Akwai masu cusa 'yan tsakuwoyi cikin ƙodar dabba, su sa ƙodar cikin gyararriyar kaza, domin mai koyo ya soka allura ta cikin fata da tsoka yana kallon na'urar hoto har ya isa inda tsakuwar take, kamar yadda ake yi wa mutum ta 'yar ƙaramar huda a baya. A Indiya wasu sun nuna cewa 'yar jakar nan ta wuyan kaza, inda hatsi ke tsayawa kafin ya wuce ƙundu, ta yi kama da wurin da bututu ya haɗu da ƙoda, har ana koyon gyaran toshewar wurin da ita. A ƙasashen Turai da Amurka sun fi amfani da ƙodar alade, saboda ita ta fi kama da ta mutum a girma da tsari. Mu nan ba mu da buƙatar wannan. Ƙasar jar akuya muke, wadda fatarta ta yi suna har ƙetare tun zamanin fatake, kuma duk ranar kasuwar Achida dabbobi ne iya ganinka.

Mu ungozoma ma ba a bar mu a baya ba. Kin san ƙarin da mace ke samu wajen haihuwa, musamman haihuwar fari, ko wanda muke yi da almakashi in kan yaro ya matse. Akwai ƙaramin ƙari, akwai kuma babba wanda ke kaiwa har ga tsokar da ke riƙe bayan gida. In ba a gane wannan tsoka an haɗa ta daidai ba, mace takan zauna ba ta iya riƙe iska ko bayan gida, ta daina zuwa biki da suna, ta kasa gaya wa ko da mahaifiyarta. A asibitocin koyarwa na Amurka da wasu ƙasashe, da harshen sa ake koya wa likitocin mata wannan ɗinki, domin tsokarsa hawa-hawa take kamar ta wurin. Ni kaina a kan soso na fara koyon ɗinki muna makaranta, daga baya a wani taron ƙara wa juna sani aka ba mu nama. Ranar na ji bambancin a yatsuna. Soso yana tsayawa inda ka ajiye shi, nama kuwa santsi yake yi, yana gudu daga bakin allura, sai ka koyi yadda ake lallashinsa.

Ba baƙon abu ba ne

Kada wani ya ce wannan sabon salo ne na Turawa. Wani likita Musulmi na ƙasar Andalus, Ibn Zuhr, mutumin birnin Ishbiliya wanda ya rasu a shekarar 1162, da ya so ya tabbatar ko za a iya huda maƙogwaro don ceton wanda numfashinsa ya toshe, a jikin akuya ya fara gwadawa, ya lura da ita har raunin ya warke. Kafin shi akwai Abul Ƙasim Az-Zahrawi na Ƙurɗuba, wanda ya yi bayanin ɗinke ciki da zaren da aka yi da hanjin dabba. Irin wannan zare, wanda jiki ke narkarwa da kansa ba sai an cire ba, har yau akwai shi a asibitoci, kuma da yawa daga cikin iyayenmu da shi aka yi musu ɗinkin haihuwa. A Faransa kuma, a shekarar 1759, sarkin ƙasar ya ba wata ungozoma mai suna Madam du Kudure izinin zagaya ƙauyuka tana koyar da karɓar haihuwa da mutum-mutumin da ta ɗinka da ƙyalle da fata, saboda yawan matan da ke mutuwa a hannun waɗanda ba su taɓa koyo ba.

Dashen ƙoda na farko da ya yi nasara a duniya an yi shi ne a birnin Boston na Amurka a watan Disamba na 1954, tsakanin wasu tagwaye maza. Likitan da ya yi shi, Joseph Murray, sai da ya daɗe yana gwada aikin a jikin karnuka kafin ya taɓa mutum. A Nijeriya an fara dashen ƙoda a asibitin St. Nicholas na Legas a shekarar 2000, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya biyo baya a 2002, a nan Sakkwato kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya yi nasa na farko a 2025. Duk wanda ya san yadda ake haɗa jijiya da jijiya a wannan aiki ya san ba ranar aka fara riƙe allura ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mutanen Wurno kuwa su ne bai kamata a yi wa dogon bayani a kan neman ilimin magani ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837 kuma hubbarensa ke garinku, ya rubuta littattafai da dama a kan cututtuka da magungunansu, a cikinsu har da wata risala a kan ciwon ƙoda.

Abin da masu ƙi ke cewa

Na ji maganganu uku a kan wannan, kuma ba duka ne zan yi watsi da su ba.

Akwai masu cewa kwatanta ɗan Adam da dabba wulaƙanci ne. Ni a ganina girmama ɗan Adam ne ya kawo haka. Tela ba ya ba yaronsa shaddar amarya ranar farko, takardar buhun siminti yake ba shi, sannan tsumma, sai hannu ya faɗa kafin ya taɓa kayan mutane. Baduku ma da guntayen fata yake fara koya wa ɗansa. Ba wanda ya taɓa cewa an wulaƙanta shadda don an fara koyo a takarda. In ba a koya a akuya ba, to a jikin wa za a koya? Ba a jikin matar mai kuɗi ba, domin ita za ta zaɓi likitan da take so, ko a ɗauke ta zuwa Masar ko Indiya. A jikin matar talaka za a koya, wadda aka kawo tsakar dare daga ƙauye ba ta san inda kanta yake ba. Wannan shi ne dalilin da ya fi tsaya mini a rai.

Akwai masu cewa almubazzaranci ne a ɓata nama ana fama da tsadar abinci. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, domin naman da aka yi koyo da shi ba a ci, binne shi ake yi ko a ƙone. Amma maigida, kai da ka taɓa jinyar mai ciwon ƙoda, ko ka ga maƙwabcinka ya sayar da gona da shanun huɗa saboda wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, ka auna kuɗin ƙodar akuya guda goma da kuɗin wanki ɗaya. Kuma ba a yanka dabba musamman don wannan. Dabbar da mahauci ya riga ya yanka don sayarwa ce ake sayen wani yanki nata, ba a azabtar da mai rai ba.

Magana ta uku ita ce ta fi nauyi, kuma daga bakin likitoci ma ana jin ta. Sukan ce ƙodar da ke kan tire ba ta zubar da jini, ba ta motsi da numfashi, ba ta da 'yan'uwa tsaye a bakin ƙofa suna jira. Wannan gaskiya ne. Wanda ya iya ɗinke ƙodar akuya bai zama likitan fiɗa ba, kamar yadda yarinyar da ta iya tuƙa tuwon ƙasa ba ta zama mai girkin biki ba. Shi ya sa tafiyar take da tsawo. Shekara 6 a jami'a, shekara 1 yana aiki ƙarƙashin kulawar manya, sannan wanda zai ƙware a fiɗa ya ƙara wasu shekaru biyar ko shida yana jarrabawa a gaban kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma. A cikin waɗannan shekaru yakan fara da kallo, sannan riƙe wa babba kayan aiki, sannan ya yi wani ɓangare babban yana tsaye a gefensa. Abin da koyo a naman dabba ke yi shi ne ya cire rawar hannu da lalube tun kafin a kai ga mutum, ta yadda in ya tsaya a kanki hankalinsa na kan jininki da numfashinki, ba a kan yadda ake ƙulla zare ba.

Sharaɗina ɗaya ne, shi ne tsabta. Naman ya fito daga mayankar da likitan dabbobi ya duba, domin akwai cututtukan da ke tsallakowa daga dabba zuwa mutum, kuma ba mu manta da cutar antaraks da ta ɓulla a jihar Neja a 2023 ba. Kayan aikin koyo su zama daban, ɗakin koyo daban, kada ko almakashi ɗaya ya bar can ya shiga ɗakin tiyata ko ɗakin haihuwa.

Tsoron satar ƙoda

Tun da ana maganar ƙoda, bari in taɓo abin da ake faɗa a ƙasa-ƙasa a wajen suna. Wasu sun ƙi yarda a yi wa matansu tiyatar haihuwa wai don kada a sace musu ƙoda. Jaridu sun sha kawo labarin likitocin bogi da suka cutar da mutane a wasu ƙananan asibitocin kuɗi, saboda haka tsoron bai faɗo daga sama ba. Amma ku gane wani abu. Yankan da ake yi don ciro yaro a ƙasan mara yake. Ƙoda kuwa tana sama can baya, bayan hanji, a cikin wani rufi nata daban. A ɗakin tiyata kuma ba mutum ɗaya ba ne, akwai mai ba da maganin barci, akwai nas mai miƙa kayan aiki, akwai ungozoma mai jiran karɓar jariri, kuma ana ƙirga duk abin da aka yi amfani da shi kafin a rufe. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta cire wani sashe na jikin mutum ba da izininsa ba, ta kuma haramta cinikinsa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, hoton ciki na 'yan mintoci zai nuna masa ƙodojin matarsa. Yana da kyau ma a duba tun kafin aiki, domin akwai waɗanda da ƙoda ɗaya aka haife su ba su sani ba, kamar mutum 1 cikin 1,000 zuwa 2,000.

Haka nan ba wanda zai sa miki ƙodar dabba. Labarin da kuka ji a rediyo na dasa wa mutum ƙodar alade, a Amurka aka yi shi a 2024, gwaji ne na bincike da amincewar majinyacin, kuma ba shi da alaƙa da koyon ɗinki da muke magana a kai.

Inda na fi so a kai wannan koyo

Babban asibiti yana da manyan likitoci, in ƙarami ya maƙale akwai wanda zai kira. Wanda nake tunani shi ne matashin likitan da aka tura babban asibitin ƙaramar hukuma, da ungozomar da ke asibitin ƙauye ita kaɗai. Kowa ya san halin da gabashin Sakkwato ke ciki a 'yan shekarun nan. Akwai hanyoyin da in magariba ta yi ba direban da zai yarda ya bi, ko nawa za a ba shi. Matar da jini ya ɓalle wa ƙarfe biyun dare a wani ƙauye na Rabah ko Goronyo, wanda ke kusa da ita shi ne likitanta, ko ya ƙware ko bai ƙware ba. Mutum-mutumin roba na koyo da ake sayowa daga waje yana da tsada, in ya lalace kuma ba mai gyara. Harshen sa da ƙodar akuya da hanji kuwa suna nan kowace safiya a wurin mahauta.

Saboda haka kirana ga shugabannin ƙananan hukumomin nan uku, da ma'aikatar lafiya ta jiha, da manyan likitocinmu, shi ne a riƙa shirya irin wannan horo a can, ko da sau biyu ne a shekara. Ɗaki ɗaya mai tebur da ruwa, da zare da allura, da babban likita ɗaya da babbar ungozoma ɗaya da za su ba da yini biyu, sun isa a fara. Jami'armu tana da tsangayar koyar da likitancin dabbobi, waɗanda za su iya duba lafiyar naman. Sarakunan fawa kuma na tabbata in an yi musu bayani za su taimaka, domin su ma matansu da 'ya'yansu na haihuwa. Abin da ake buƙata a wurinsu shi ne su ciro ƙodar da jijiyoyinta da bututunta ba tare da sun datse su gajere ba, kuma ba wanda ya fi su iya wannan.

Ke kuma 'yar'uwa, kina da haƙƙin tambaya. In an ce za a yi miki aiki, ke ko maigidanki ku tambayi sunan likitan da zai yi, da babban da ke kula da shi, da dalilin aikin, kafin a sa hannu ko a dangwala yatsa a takardar amincewa. In ba ki son ɗalibai su tsaya a kanki lokacin da ake duba ki, ki faɗa, ba zai hana a kula da ke ba. In kin koma gida bayan tiyata ko doguwar naƙuda kika ga fitsari ya ragu ƙwarai, ko yana zuba ba da saninki ba, ko kwiɓi na ciwo da zazzaɓi, ko fuska da ƙafa sun kumbura, kada ki jira a yi suna ko a gama wankan jego. Inna, ke da ke riƙe da mai jego, kada ki ce sanyi ne a ba ta jiƙo, kuma kada a sayo mata ƙwayoyin kashe ciwon jiki a kemis ta yi ta sha ba ƙa'ida, domin wasunsu na ƙara wa ƙoda rauni. A dawo da ita asibiti da katinta da takardar sallama, a nuna wa nas ɗin da ke bakin aiki ko da dare ne.

Allah ya raba ku lafiya, ya raya abin da za a haifa.